Yadda Na Raini Gansakuka Daga Ƙurar Iri Har Ta Sake Haihuwa

A shekarata ta ƙarshe a sashen nazarin tsirrai, da aka zo rabon batun furojet, yawancin 'yan ajinmu sun yi rububin dawa da gero da wake da itatuwan magani. Ni kuwa gansakuka ce ta faɗo mini. Ba ta cikin kududdufi ba, ta tudu, wadda ke lulluɓe gindin katanga da bakin rijiya da damina. Abin da malamin da ke duba aikina ya nema bai da tsawo: in tattaro gidajenta uku in bambance su da idona, sannan in zaɓi guda in shuka daga ƙurar irinta, in raine ta har ita ma ta fitar da tata ƙurar.

Na ce, "Malam, ai zanen zagayen rayuwarta yana cikin littafi, tun a sakandare muka haddace shi."

Ya ce, "Kin haddace, na yarda. Kin taɓa gani? To je ki gani."

Masana sun tara waɗannan tsirrai ƙarƙashin suna ɗaya, burayofait, kuma an san nau'i kusan 20,000 a duniya. Gidan da ya fi yawa shi ne na masu kara da ganye, kimanin 12,000. Sai masu kamar hanta, sama da 7,000, wasunsu a shimfiɗe a ƙasa, wasu da 'yan ganyayyaki jere biyu. Na ukun, masu ƙaho, gida ne ƙarami, ɗari biyu da 'yan kai. Dukkansu ba fure, ba ƙwayar iri irin wadda manomi ya sani, ba saiwa ta gaske, ba kuma jijiyoyi masu tauri da ke ɗaga ruwa sama kamar na bishiya. Shi ya sa ba sa tsawo. Ruwa ta fatar jikinsu yake shiga, ta nan kuma yake fita.

Da Agusta na fara fita, lokacin da ruwa ya zauna sosai. Tsohon ma'aikacin ɗakin gwajinmu, wanda kowa ke kira Baba, shi ya haɗa mini kaya: ƙaramar wuƙa, gilashin hannu mai ƙara girma sau 10, fensir, da tarin tsofaffin jaridu. Da ya ga na ɗauko ledoji sai ya girgiza kai.

"'Yata, leda ruɓar da ita za ta yi. Takarda ake sa ta, ta sha iska ta bushe."

Ya zaunar da ni ya koya mini naɗe jarida ta zama ambulan ba tare da gam ba. A bayan kowace ambulan sai in rubuta wuri da kwanan wata da abin da tsiron ya kama, ko siminti ne ko dutse ko ƙasa ko ɓawon itace, da kuma ko a inuwa yake ko a rana. Ya ce kada in taɓa kwashe wuri kaf, in ɗebi kaɗan daga gefe in bar sauran. Wannan rubutun na bayan ambulan, daga baya na gane, shi ne rabin aikin. Samfurin da ba a san inda ya fito ba bai da amfani ga kowa.

Masu ganye ba su ba ni wahala ba. Katangun siminti na bayan ɗakunan kwananmu cike suke da Hyophila da Bryum. Ranar da na fara ɗora gilashin hannu a kan abin da kullum nake wucewa ina ɗauka datti ne, na daɗe a tsugune. Kowane ɗigon kore ashe tsiro ne cikakke, da karansa, da ganyensa a jere kewaye da shi, kowane ganye da jijiya guda a tsakiya.

Mai kamar hanta ta farko a gindin Dutsen Kufena na same ta, kusa da Zariya, a kan ƙasa mai danshi inda ruwan dutsen ke gangarowa ya kwanta. Riccia ce. A shimfiɗe take, da'ira wadda faɗinta bai kai na farcen babban yatsa ba, kowane reshe ya rabu biyu, ya sake rabuwa biyu. Ba ta ɗaga kwanson irinta sama ko kaɗan. A cikin naman jikinta yake nutse, sai da na yanka da reza na ga baƙaƙen ɗigogi. Ƙurar irinta manya ce idan aka kwatanta da ta sauran, kuma ba ta tashi a iska. Sai jikin uwar ya ruɓe ta zube nan inda take, ta jira damina mai zuwa.

Masu ƙaho kuwa sai da na hau Jos, inda tudun ya haura mita 1,200 kuma sanyi da danshi suka fi namu. A gefen wani rafi, kan jar ƙasar da ruwa ya zaizaye, na ga wasu siraran tsinkaye kore a tsaye kan wani shimfiɗaɗɗen abu mai duhu. A wannan tafiyar kuma na kankaro Frullania, wata mai kamar hanta, daga ɓawon wata bishiya, sannan a wani fili da aka taɓa ƙona gawayi na tarar da Funaria, wata mai ganye, ta rufe tokar, silayen da ke ɗauke da kwansunan irinta ja-ja. Funaria tana son wurin da wuta ta ci. Ita na zaɓa don shuka, saboda namiji da mace a jikin tsiro ɗaya suke, ba sai na yi fafutukar haɗa jinsi biyu ba.

Da na dawo, Baba bai bar ni na huta ba. Ya ce Frullania a ranar za a duba ta, domin akwai wasu 'yan ƙunshin mai a cikin ƙwayoyin halittarta da ke ɓacewa idan ta bushe. Na sa reshe guda a ɗigon ruwa ƙarƙashin maikuroskof, sai ga su suna ƙyalli a cikin kowace ƙwaya. A duk tsirran duniya masu kamar hanta kaɗai ke da irin wannan ƙunshin mai, ko da yake ba kowacce ba, Riccia ma ba ta da shi. Na juya reshen ta ƙasa na ga kowane ganye yana da wani ɗan aljihu da ke riƙe ruwa. Kwansonta in ya nuna tsagewa huɗu yake yi, kuma cikin ƙurar akwai wasu zaruruwa masu murɗaɗɗen kauri waɗanda ke motsi idan suna bushewa, su watsa ƙurar.

Mai ƙaho ita ta fi ɗaure mini kai. A ganyen kowane tsiro da na taɓa dubawa, ƙwayar halitta guda tana ɗauke da kuloroflas, wato korayen ɗigogin da tsiro ke haɗa abinci da su daga haske, da yawa, 'yan ƙanana. A nan guda ɗaya ne tak, ƙato, ya kusa cike ƙwayar. Na ɗaga jikinta ga hasken taga na ga wasu ɗigogi masu duhu a ciki. Bakteriya ce mai suna Nostoc, tana shiga ta wasu 'yan kafofi a ƙasan tsiron ta zauna cikin yauƙi, tana kamo naitirojin daga iska tana ba shi, shi kuma yana ciyar da ita. Ƙahon kansa daga gindi yake girma. Samansa ya riga ya nuna ya tsage biyu yana zubar da ƙura, gindinsa bai daina ƙirƙiro sabuwa ba, don haka idan aka bi shi daga ƙasa zuwa sama ana ganin ƙurar a kowane mataki na nunarta. Tawa ƙurar rawaya ce, abin da ya nuna Phaeoceros ce, don ta Anthoceros baƙa ce. Ko gashin da suke kama ƙasa da shi ya bambanta: na masu ganye ƙwayoyi da yawa ne a jere, katangun tsakaninsu a karkace, na sauran gidaje biyun kuwa kowane gashi ƙwaya ɗaya ce doguwa.

Sai da damina ta fara ja da baya na shiga aikin shuka, bayan kwansunan Funaria da na kawo sun yi ja sun nuna amma murfinsu bai ɓalle ba. Abincin da ake shuka ta a kai tsohon haɗi ne na wani Bajamushe masanin sinadarai, Wilhelm Knop, tun 1865: kalsiyam naitiret da maganiziyam salfet da fotasiyam fosfet da ɗan abin da ba a rasa ba, a cikin tataccen ruwa. Ba a sa sukari, tunda tsiron da haske zai haɗa nasa abincin, sukari kuwa funfuna kawai zai gayyato. Ana zuba garin aga kamar giram 10 a lita don ya daskare. Muka dafa shi da farantan gilashi a tukunyar firesha, zafi digiri 121 na minti 15, muka zuba kusa da harshen fitilar sifirit, ƙofa da taga a rufe, ba mai magana.

Kwanson kuma sai an wanke bayansa. Da matsefata na tsoma shi cikin tsarmin ruwan bilic na ɗan lokaci, na ɗauraye a dafaffen ruwa sau da yawa, sannan na murƙushe shi cikin ɗan ruwa. Ruwan ya yi ɗan rawaya-rawaya. Kwanso guda ya isa farantai da yawa, domin ƙurar da ke cikinsa dubbai ce. Na ɗiɗɗiga, na baza, na rufe, na jera su a bakin tagar da ke kallon arewa, inda haske ke shiga amma rana ba ta dukan su.

Funfuna ta ci wasu farantan cikin makon farko, fara da baƙa, kuma ba yadda za a yi da su sai zubarwa. Waɗanda suka tsira kuwa, kafin mako ya cika na ga ƙurar ta kumbura ta yi kore, ta fasa ɓawonta, wani zare ya leƙo. Wannan zaren shi ake kira furotonima, kuma duk wanda ya gan shi bai sani ba zai rantse gansakukar ruwa ce. Na farkon kore ne shar, cike da kuloroflas, katangun da ke raba ƙwayoyinsa a miƙe. Bayan 'yan makonni sai wani iri dabam ya fara fita daga bakinsa, mai saurin tafiya, mai ƙarancin kore, katangunsa a karkace. Duk zaruruwan suna karkata wajen taga. Na juya faranti guda don in gwada, kwana kaɗan sababbin bakunan suka lanƙwaso suka sake fuskantar hasken.

A kan zare na biyun ne toho ke fitowa. Kullum da safe kafin lacca sai na leƙa, har ranar da na ga wani ɗan ƙulli a gefen zare. Ƙwaya guda ce a samansa, mai fuska uku, tana yanko 'ya'ya ta kowace fuska bi da bi, kuma daga wannan ƙwaya ɗaya tilo kara da ganye duka suke samuwa. Ƙura guda, ta hanyar zarenta, tana iya ba da tsirrai masu yawa. A nan na fahimci dalilin da ya sa gansakuka ke fitowa a cunkushe: sau da yawa tsirran da ke manne da juna daga ƙura ɗaya suka fito, kuma cunkoson ne ke riƙe musu ruwa a tsakani, abin da tsiro guda shi kaɗai ba zai iya ba.

Da suka yi ganye sosai na mayar da su kan dafaffiyar ƙasa da aka gauraya da 'yar toka, cikin kwalabe masu faɗin baki. Nan aikin ya tsaya cik. Suna nan kore, lafiya lau, amma ba alamar namiji balle mace. Na je wa Malam da damuwata.

"Malam, ko akwai abin da zan ƙara musu?"

"Ba abinci suke nema ba," in ji shi. "Sanyi suke jira. A ƙasashen Turai firji ake sa musu. Ke Allah ya ba ki hunturu, ki fitar da su waje da dare."

Haka na yi. Da Disamba ta kama, kowace yamma sai in kai kwalaben baranda a rufe don kada iskar ta busar da su, da safe in maido. Ana cikin haka kan wasu karare ya buɗe, ganyen ya bazu, tsakiyar ta yi ruwan lemo. Na tsage ɗaya da allura ƙarƙashin maikuroskof, sai ga jakunkunan namiji a tsaye, tsakaninsu wasu gashi masu kumburarren kai. A ƙasa kaɗan, a wani reshe na gefe, mazaunin ƙwai yake, mai dogon wuya da kumburarren ciki, ƙwai guda a kowanne. Wani likita Bajamushe, Johann Hedwig, shi ya fara bayyana waɗannan gaɓoɓi daidai wajen 1782, da madubin da bai kai nawa ƙarfi ba, kuma na yi ta tunanin irin haƙurin da ya yi.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi zauna mini a rai cikin aikin gaba ɗaya. Na ɗiga ruwa a kan jakar namiji da ta nuna, na jira. Bakinta ya fashe, wani farin abu ya kwararo, ya watse, sai ga ƙwayoyin namiji suna iyo, kowacce siririya a murɗe, da bulala biyu tana kaɗawa. Tsiro ne, a kan tudu yake zaune, amma ba zai haihu ba sai ƙwayarsa ta yi iyo ta kai ga ƙwai. Na kira Baba ya zo ya duba. Ya daɗe da ido a kan madubin, sannan ya ɗago ya ce, "Ikon Allah." Tafiyar da za su iya yi da ƙarfin kansu gajeriya ce ƙwarai, don haka a daji ɗigon ruwan sama ne ke faɗowa kan buɗaɗɗen kan namijin ya fantsama su. A 2006 wasu masu bincike a Suwidin sun nuna cewa ƙananan ƙwari masu tsalle da wasu halittu dangin kaska su ma suna ɗaukar su a jiki daga namiji zuwa mace, a wani nau'in Bryum. Ni ba ruwan sama, ba ƙwari, sai na cika kwalaben da dafaffen ruwa har ya shanye kan tsirran, na bar su kwana guda, na tsiyaye.

Makonni kaɗan bayan haka wasu siraran allurai kore suka ɓullo daga kan rassan mata, kowace da 'yar hula a ka. A nan ne zanen da na haddace ya zama abu mai ma'ana. Wannan allurar ba reshen tsiron ba ce. Wani tsiro ne dabam, ɗan da aka haifa. Uwar, wato koren da muke gani a katanga, kwafi ɗaya na kuromosom, wato zaruruwan da ke ɗauke da bayanan gado, take da shi a kowace ƙwaya. Ɗan yana da biyu, ɗaya daga namiji ɗaya daga ƙwai. Goyo ne da ba a taɓa saukewa: ƙafarsa a nutse take cikin jikin uwar, ta nan yake shan ruwa da abinci har ya mutu. Hular da ke kansa ma guntun jikin uwar ce, tana kare shi daga bushewa yana ƙarami. A cikin kwansonsa ne kuromosom ke sake rabuwa gida biyu, a sami ƙurar iri mai kwafi ɗaya, a koma farko. Wilhelm Hofmeister ne ya gano wannan karɓa-karɓa ta zuriya biyu a 1851, ya kuma nuna cewa duk tsirran tudu haka suke. Bambancin kawai, a dawa ko kuka mai kwafi biyun ne ƙaton da muke gani, mai kwafi ɗayan ya ƙanƙance ya ɓuya cikin fure. A gansakuka abin a juye yake. Kuma tsarin tsoho ne ƙwarai, domin ƙurar iri mafi daɗewa ta tsirran tudu da aka tono a duwatsu ta kai shekara miliyan 470, kuma ta fi kama da ta masu kamar hanta.

Zafin bazara ya fara leƙowa kafin kwansunan su nuna, sai na nutsa kwalaben cikin jiƙaƙƙen yashi a ɗaki mafi sanyi. Ba duka suka kai ba, amma da dama sun kai. Silin ya yi ja, kwanson ya sunkuya gefe guda, ya yi tsaga-tsaga a jiki, murfin ya ɓalle. A bakinsa haƙora ne zobe biyu, 16 a waje 16 a ciki, na wajen sun lanƙwasa sun haɗu a tsakiya. Malam ya ce in huro masa numfashi a hankali ina kallo ta madubi. Da danshin numfashina ya taɓa su sai suka motsa suka toshe kafofin, da suka bushe suka buɗe. Matattun ƙwayoyi ne, ba rai a cikinsu, katangarsu ce kawai ke kumbura da motsewa. Amfanin a fili yake: ƙura ba ta fita sai iska ta bushe, lokacin da za ta iya tafiya nesa. Silin ma murɗewa yake yi yana warwarewa gwargwadon danshi, yana jujjuya kwanson. Tsiron da bai iya haihuwa sai cikin ruwa, bai kuma sakin irinsa sai a bushe. Na shuka wannan sabuwar ƙurar a faranti, ta tsiro.

Akwai gwaji ɗaya da ba ya cikin abin da aka sa ni, na yi shi don raina ya so. Na buɗe ambulan ɗin Hyophila da ta yi watanni a kabad, ta ƙanƙance ta yi baƙi-baƙi, ganyen duk a nannaɗe. Na ɗiga mata ruwa. Ina tsaye ganyen ya warware ya yi kore. Yawancin masu ganye da ke zaune a katanga da dutse haka suke, ba sa kokawa da rani. Suna barin ruwan jikinsu ya fita kusan duka, komai ya tsaya, in ruwa ya dawo su gyara abin da ya lalace su ci gaba. A 2014 masu bincike daga Birtaniya sun narkar da gansakukar da ta yi sama da shekara 1,500 a daskare a tsibirin Signy na yankin Antatika, ta sake toho. Tun daga lokacin ina jin ciwo in na ga an kankare tsohuwar katanga ko an fasa dutse don tsakuwa ba wanda ya tsaya ya duba abin da ke kai, musamman da rani, lokacin da kowa ke ɗauka matacce ne.

Ambulan ɗina na sake musu takarda mai kyau, na kwafe bayanan da ke bayansu, aka shigar da su ma'ajiyar busassun tsirrai ta sashenmu. Mafi yawan binciken da aka yi kan waɗannan tsirrai a Najeriya a kudu aka yi shi, musamman Ibadan da Ile-Ife, inda ruwa ya fi yawa. Duwatsunmu na Arewa da fadamunmu da gefen gonaki suna buƙatar masu tsugunawa da gilashin hannu. Wanda zai yi, ya fita tsakanin ƙarshen Agusta da Satumba idan Riccia da masu ƙaho yake nema, don da ruwa ya ɗauke ɓacewa suke yi daga ido. Kwansunan masu ganye kuwa sai wajen Oktoba suke nuna, kuma a ɗebo su tun murfin bai ɓalle ba.